KWAMITIN NA'URA A JAMI'A: INA KUJERAR ƊAN TALAKA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku saurara. Jami'a kan naɗa kwamitin manyan malamai ya tsara yadda za a yi karatu da kwamfuta da intanet. Madalla, ba mu ƙi na'ura ba. Amma su wa ke zaune a ciki? Mutanen da janareta ke kwana yana ruri a gidajensu!

Mun ga jiya. A 2015 JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, yaron ƙauye bai taɓa na'urar ba sai ran jarrabawa. A 2020 korona ta rufe makarantu, aka ce a yi karatu ta waya. Ɗan mai kuɗi ya ci gaba, ɗan mai tumatir ya zauna, don kuɗin data ya fi ƙarfin ubansa.

To, ga bukatarmu. Kafin kwamiti ya ce a aiko da aiki ta intanet, a tanadi ɗakin kwamfuta mai wuta, kyauta. A kuma ba wakilan ɗalibai kujera da ƙuri'a, don mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Jami'ar gwamnati da dukiyar jama'a aka gina ta. Tilas mu tambaya!