Macen Da Ta Samo Maganin Zazzaɓin Damina

Uwargida, idan damina ta sauka a Daddara kin san sauran zancen: sauro, zazzaɓi, ga goyo a hanyar asibitin Jibiya ko Katsina. To, kin taɓa tambayar asalin ƙwayar da ake ba ɗanki? Mace ce ta samo shi, Tu Youyou ta ƙasar Sin.

A 1969 aka ɗora mata aikin, domin kulorakwin ya soma kasawa. Ta bar 'ya'yanta biyu a hannun wasu, ta duƙufa kan wani ganye ɗan'uwan tazargade. Abin ya ƙi. Daga baya ta gane zafin tafasa ne ke kashe ƙarfinsa, sai ta tatso shi da sinadari, ba dahuwa. A 1972 ita ta fara sha kafin marasa lafiya. Lambar Nobel kuwa sai 2015, kin ji jinkiri!

Saboda haka kada ki dafa tazargade ki ce kin yi magani. Kai yaro a auna jininsa.

Ke kuma 'yar makaranta, ana koyar da wannan ilmin haɗa sinadarai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, nan Katsina. Inna, a ɗan sauke mata farantin talla ta yi bitar darasinta.