RA'AYINMU: Maganar Auren Jinsi Da Tsagewar Bangon Gidanmu

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, maganar auren jinsi, wato namiji ya auri namiji ko mace ta auri mace, tana daga cikin abubuwan da ke tayar da ƙura a majalisun Goronyo, Wurno da Rabah duk lokacin da rediyo ko wayar hannu ta kawo sabon labari. Hukuncin Musulunci a kanta ba ɓoyayye ba ne. Aure ƙulli ne tsakanin namiji da mace, da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma malamai magabata da na baya ba su saɓa a kan kasancewarsa tsakanin namiji da mace ba. Ƙissar mutanen Annabi Luɗu (A.S.) tana nan cikin Suratul A'araf da Suratu Hud ga mai neman wa'aztuwa.

Ƙasar Holan ce ta fara halatta wannan aure a 2001, Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2006, kotun ƙolin Amurka kuma ta tabbatar da shi a 2015. A Nijeriya kuwa, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramta shi a watan Janairun 2014, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla shi. Ashe ke nan addini ya yi magana, doka ma ta yi. Abin da ya rage mana shi ne tambayar da ba mu son ji: mene ne halin auren da Allah Ya halatta mana?

Kafin amsa wannan, akwai nasiha guda biyu da ya wajaba mu gabatar. Ta farko ita ce tabbatar da labari. A watan Yulin 2024 an yaɗa cewa yarjejeniyar Samowa, wadda Nijeriya ta sa wa hannu tare da Tarayyar Turai, ta ƙunshi sharaɗin amincewa da auren jinsi. Huɗubobi suka ɗauki zafi, saƙonni suka cika wayoyi. Gwamnati ta musanta, daga baya kuma jaridar da ta fara buga labarin ta nemi afuwa. Mutum nawa ne daga cikin waɗanda suka yaɗa labarin farko suka yaɗa na biyu? Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin hukunci, kuma kishin addini ba ya ɗauke wa kowa wannan umurni.

Ta biyu ita ce tsare harshe da hannu. Jifan mutum da luwaɗi ba tare da hujja ba ƙazafi ne, kuma a mazhabar Imamu Malik haddinsa bulala 80, daidai da wanda ya jefi mutum da zina. Tafiyar yaro ko muryarsa ko sana'arsa ba shaida ba ce. Haka nan shari'a ba ta ba taron jama'a ikon kama mutum su doke shi ko su tozarta shi ba, kuma ta hana leƙen asirin mutane. Hukunci na alƙali ne. Wanda aka jarrabe shi da wani abu a zuciyarsa ɗan Adam ne mai alfarma, haƙƙinsa a kanmu nasiha ce a asirce da addu'a, ƙofar tuba kuma ba a hannunmu mabuɗinta yake ba.

To, mu dawo gida. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saurayin da ke noman albasa da tafarnuwa a fadamar Rima, ƙarƙashin madatsar ruwa ta Goronyo, yakan yi rani biyu ko uku yana tara kuɗin aure, amma kafin ya kammala lefe farashi ya sake tashi. Na gani ina so, kayan sa rana, akwatuna, gara, dukkansu mu muka ɗora wa kanmu, alhali mafi ƙarancin sadaki a wurin malamanmu rubu'in dinari ne, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya taɓa umurtar wani sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Idan saurayi ya gaji, sai ya tafi ci-rani Legas ko Abuja, inda babu uba babu malami. Uban yarinya shi ma ya sayar da gona don kayan ɗaki, bayan wata shida a aiko masa da ita da takardar saki.

Ga kuma masifar 'yan bindiga. A ranar 17 ga Oktoban 2021 an kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar gida a baya. Ƙauyuka da dama a gabashin Sakkwato sun watse, matan da aka kashe wa mazaje da marayunsu suna zaune a gefen garuruwanmu. Wanda ya yi huɗuba mai zafi kan abin da ke faruwa a Amurka, sannan ya wuce waɗannan bayin Allah bai tambayi abin da suka ci ba, lalle akwai gyara a fahimtarsa ta kare iyali.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, ya kafa ribaɗi ya zaunar da jama'a da noma da sana'a da karatu, domin ya san tarbiyya ba ta tsayuwa a kan yunwa da tsoro.

Saboda haka muna kira ga rassanmu da abubuwa uku. Limamai da hakimai da masu unguwanni su zauna su ƙayyade kayan aure, kuma malamai da masu hali su fara da 'ya'yansu. Kowane masallaci ya kafa kwamitin sulhu da ma'aurata za su je kafin a furta saki. A ware wani kaso na zakka da taimakon Juma'a don aurar da zawarawa da marayu. Kano ta gwada auren gata tun 2012, mu ma ba za mu gagara yin daidai ƙarfinmu ba. Iyaye kuma su san abin da ke cikin wayoyin 'ya'yansu ta hanyar zama da hira, tun kafin a kai ga tsawa.

Allah Ya ambaci natsuwa da ƙauna da jin ƙai a matsayin ginshiƙan aure cikin Suratur Rum. Gidan da yaro ya tashi yana ganin waɗannan tsakanin uwarsa da ubansa, shi ne katangar da babu wata doka ta Abuja da za ta iya gina mana irinta.

Allah Ya shirye mu da zuriyarmu, Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.