Mai gyaran waya ba likitan faifai ba ne

Bara, ana gab da jarrabawar BEPC, kwamfutar makarantarmu a nan Dogondutsi ta fara ƙara ƙas-ƙas, ta mutu. Makin yara na shekara guda da sunayen masu zaman jarrabawa duk suna ciki. Na ce a kashe ta, a kai faifan Yamai wurin ƙwararru. Aka ce kuɗin ya yi yawa, ga wani yaro a bakin tasha mai gyaran waya. Ya sa sukudireba ya buɗe faifan a kan tebur, cikin ƙurar kasuwa. Shi ke nan.

Jama'a, faifan nan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, allurar da ke karanta shi kuwa ko taɓa shi ba ta yi. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce shi. Don haka ƙwararru ba sa buɗe shi sai a ɗaki mai tace iska.

Yaron ban ga laifinsa ba, abinci yake nema. Laifin namu ne, mu da muka san darajar abin da ke ciki amma muka yi araha. Sati uku muka yi muna tono tsofaffin kaye muna sake lissafi da hannu.

Daraktoci daga Tibiri har Matankari, in faifai ya fara kuka, ku kashe injin nan take. Kafin ranar ta zo kuma, ku ajiye kwafi biyu: ɗaya a kile, ɗaya a rajistar takarda.