Kiwo a Gida: Ɗan Tsakon da Ya Ƙi Girma

A Dangoma da ƙauyukan Kalgo da Gwandu, da wuya ka shiga gida ba ka ga kaza tana jan 'ya'yanta ba. Da yawa daga cikinku da kuɗin kazar nan kuke sayen littafi ko takalmin makaranta. To amma kaza ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe goma, bayan wata biyu sai ka tarar saura huɗu, su ma fikafikai a sake, jiki ba nauyi. Me ya faru?

Da farko kada ku gwada kazar gida da kajin gidan gona. Waɗancan a sati shida zuwa takwas sun isa yanka, tamu kuwa sai ta yi wata biyar ko shida. Wannan halittarta ce. Amma idan ka ɗaga ɗan tsako ka ji ƙashin ƙirjinsa kamar bakin wuƙa, to yunwa ce ke cinsa, ko da kullum maƙoƙonsa a cike yake.

Ku tuna darasin abinci mai gina jiki. Ɗan tsako na buƙatar furotin kusan kashi 20 cikin ɗari a abincinsa, tsakin gero ko na dawa kuwa bai wuce kashi 10 zuwa 12 ba. Dusar shinkafa da muke da ita a yalwace a Kebbi ta fi yaudara, domin wadda ake kwasowa daga ƙananan injina rabinta buntu ne, cika ciki kawai yake yi. Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A daka ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, a haɗa da garin busasshen kifi, irin ɓurɓushin da masu kifi ke sharewa a kasuwa, a zuba a cikin tsakin. Gara ma abinci ce mai kyau: a cusa karan dawa da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri, washegari a juye musu. Sai dai a ba su a ƙarƙashin kwando mai ƙananan ƙofofi, in ba haka ba zakara da manyan kaji ne za su cinye, su kuma su tashi a tutar babu.

Sanyi ma na hana girma. Da hunturu a rufe akurki da buhu ta ɓangaren iska, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a sauya ruwan sha kullum.

Idan an gyara abinci amma ba canji, a duba kashinsu. Jini a ciki alama ce ta ƙwayoyin cuta a hanji, kuma damshin akurki ne ke yaɗa su. Kore shar da haki da murɗewar wuya kuwa alamun Niyukasul ne, annobar da ke share kajin unguwa da hunturu. Masu kallon ƙwallo sun san sunan, domin daga wannan birni na Ingila cutar ta samo shi. Ba ta da magani, kuma kafson mutane da ake fasawa a ruwan kaji ɓarnar kuɗi ce kawai, tunda ba ya kashe irin wannan ƙwayar. Rigakafi ne abin yi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, wanda ke jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga ɗigo ɗaya a idon kowace kaza duk bayan wata huɗu. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka ku haɗu ku biyar ko shida a aji, ku nemi malamin dabbobi kafin iskar Nuwamba ta taso. Kazar da aka sayo a kasuwa kuma a ware ta sati biyu kafin ta shiga cikin na gida.