Muna Gadin Gonar Wani, Tamu Ciyawa Na Cinyewa

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da muke fama da rubutun kundin digiri na biyu, akwai wata magana da ya kamata mu tattauna. Duk lokacin da aka shiga kakar miƙa babi-babi, rigima ɗaya ce ke dawowa: colour ne ko color? Organise ne ko organize? Sai ka ga an ja wa mutum jan biro shafi bayan shafi, ya koma shagon buga takardu a Pantami ya sake biyan kuɗi, alhali hujjar da ke cikin babin ko kallonta ba a yi ba.

Ni dai ra'ayina shi ne mun ba wannan abu girman da bai kai ba, mun kuma yi sakaci da inda ya fi cancanta.

Mu fara da Turancin kansa. Masu harshen ba su taɓa zama a kan rubutu ɗaya ba. Shakespeare, wanda ake tsorata mu da shi tun sakandare, sa hannunsa guda 6 ne suka rage a duniya, kuma ba iri ɗaya ya rubuta sunansa a cikinsu ba. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya taimaka wajen daidaita rubutun Ingila. Sai Noah Webster ya fito da nasa a Amurka a 1828, ya tsaya a kan color da center. Bambancin da ake kayar da mu a kansa ke nan. Ita kuwa organize da wasu ke kira "kuskuren Amurkawa", maɗaba'ar Jami'ar Oxford da kanta haka take rubutawa. Wanda ya taɓa buɗe tsofaffin takardun zamanin En'e zai ci karo da gaol a maimakon jail, kuma Turawan ne da kansu suka rubuta.

Haka suka yi da sunayenmu ma. Clapperton da ya iso Sakkwato a 1824, Sackatoo ya rubuta, Katsina kuma Kashna. Babu wanda ya ce ya faɗi jarrabawa.

Ba ina cewa kowa ya rubuta yadda ya ga dama ba ne. Makarantunmu tsarin Ingila suke bi, to a bi shi daga shafin farko har na ƙarshe, kada a gauraya. Mafi yawan matsalar ma daga kwamfuta take: an saita ta a kan Turancin Amurka, sai ta riƙa ja wa colour jan layi, mai buga maka kuma ya "gyara". Ka shiga saitin harshe ka mayar da ita Turancin Ingila, aikin minti ɗaya, magana ta ƙare.

Yanzu ga inda abin ke mini ciwo. Ko ka rubuta colour ko color, ma'ana ba ta motsa ba. Amma ka rubuta "Malam ya tafi fada", wajen Sarki ya nufa, ko faɗa ya tafi yi? "Baki sun yi yawa", baki ne ko baƙi? "Ya bata kuɗi", ya ba ta ne, ko ya ɓata? A nan lanƙwasa guda ko tazara guda na iya haɗa ka rigima da mutum. Ga Daɗin Kowa nan kusa da mu, mun rubuta shi Dadin Kowa har ido ya saba. Wanda zai kwana yana duba programme ɗinsa, shi ne zai shigo nan ya rubuta "xan xo gobe", idan ka yi magana ya ce ai Hausa ce, ba komai.

Alhali waɗannan ƙa'idoji wahala aka sha a kansu. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, ta yaɗa daidaitaccen rubutu lungu-lungu. An zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980, duk don rubutun ya daidaita. Yau ɓ da ɗ da ƙ suna cikin wayar kowa, sai dai a ƙara Hausa a allon rubutu. Wane uzuri ya rage?

Sai batun tsofaffin kalmomi. Bature ba ya jin kunyar tono tsohuwar kalma ya sa mata sabuwar riga. Broadcast da ake faɗa wa rediyo, asalinta watsa iri ne a gona. Sibling ta daɗe a kwance, masana suka tayar da ita a farkon ƙarni na 20 da suka buƙace ta.

Mu ma mun iya wannan, kuma shaidar tana bakinmu kullum a makaranta. Zango wurin da fatake ke sauke kaya su huta ne, yau muna cewa zangon karatu. Tsangaya ta alaramma ce da almajiransa, yau a jami'a akwai Tsangayar Kimiyya. Kundi tarin takardun malamin zaure ne, yau shi ne abin da ke hana mu barci, kuma shi ne kundin tsarin mulki. Jakada ɗan aiken sarki ne zuwa ƙauyuka, yau yana wakiltar ƙasa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Jirgi na ruwa ne kawai, aka ɗora shi a dogo, aka kuma tashe shi sama. Waɗanda suka yi wannan aiki ba su jira izinin kowa ba, rumbun gida suka buɗe.

To me ya sa namu zamanin ya tsaya? Yara nawa ne a unguwa suka san zambar na nufin dubu, hauya kuma ashirin? Ka faɗi irinsu a cikin abokai a yi maka dariya, a ce ka cika ƙauyanci. Amma a 2020 da ƙamusun Oxford ya shigar da Kannywood, murna muka yi ta yi kamar an ba mu kujerar Makka. Wato sai wani ya buga wa kayanmu hatimi kafin mu ga darajarsa.

Wani zai ce, da Turanci ake ɗaukar aiki, da shi ake kare kundi. Gaskiya ne, kuma ban ce a yi wasa da shi ba. Amma mai kula da harafi a harshe ɗaya, shi ne mai kula da shi a ɗayan. Sakaci hali ne, ba ya zaɓen harshe.

Shawarata uku ce. Ka zaɓi tsarin Turanci ɗaya ka riƙe. Ka sa haruffa masu lanƙwasa a wayarka yau ɗin nan. Idan kuma ka je gida hutu, ka zauna da kaka ko wani dattijo da littafi a hannu, duk kalmar da ba ka sani ba ka rubuta, ka tambayi ma'anarta. Masu Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci, ku ma wannan aikin na jiranku, wataƙila ma ya fi gaggawa.

Wace tsohuwar kalma ce kuka ji a bakin manya wadda kuke ganin za ta iya aiki a yau? Ku kawo mu tara. Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.