NAZARI: Baburan China masu araha a hanyoyin Challawa da Sharaɗa, riba ce ko asara?

Tirela ce ke kawo kaya Kano daga Legas, amma daga ƙofar kamfani zuwa shagon unguwa aikin na kurkura ne da babur mai ƙafa uku mai akori a baya. Su ke jidar ledojin ruwa da robobi da katifu da buhunan abincin kaji daga Sharaɗa da Challawa da Bompai, su bi ta Panshekara da Sheka da Chiranci, a hanyoyin da damina ke mayarwa kududdufai, rani kuma ya mayar da su ƙura. Da yawa daga cikinsu ƙirar China ne, ko kuma an haɗa su a Najeriya da sassan da aka shigo da su daga can.

Ga matashin da ya tara kuɗin adashe, ko ya sayar da gonar gado, ko ya karɓi bashi don ya mallaki ɗaya daga cikinsu, batun ingancinsu ya wuce hirar majalisa. Jarinsa ne gaba ɗaya ke tafiya a kan taya uku. Shin waɗannan ababen hawa suna da ƙarko? Sun cancanci kuɗin da ake zubawa a kansu? Kuma in suka lalace tun ba a je ko'ina ba, wa zai ɗauki asarar?

Abin da ya tura jama'a gare su

Siyasa da tattalin arziki ne suka share wa wannan kasuwa hanya. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta acaɓa a birnin Kano da kewaye. Dubban matasa suka koma kan ƙafa uku, wasu ɗaukar fasinja a Adaidaita Sahu da ta samo suna tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau, wasu ɗaukar kaya.

Shekara goma bayan haka aka sake girgiza lissafin. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kusan naira 460 ta wuce naira 1,500. Motar ɗaukar kaya ta hannu, wadda a da ƙaramin ɗan kasuwa ke iya lallaɓawa ya saya, ta fi ƙarfin aljihunsa, shan manta kuma ya zama wani nauyin na daban. Babur mai ƙaramin inji da ke shiga lungu, ya tsallake rami, ya sha mai kaɗan, shi ya zama mafita. A cikin irinsa kuwa, na China ne ya fi sauƙin kuɗi.

China ba masana'anta ɗaya ba ce

A bakin mutanen Kano, “ɗan China” ya daɗe da zama wani suna na kayan da ba sa jure wahala. Wannan hukunci ya yi wa gaskiya kuɗin goro. Kamfanin Loncin da ke birnin Chongqing yana ƙera wa BMW ta Jamus injinan babur. Haojue na aiki tare da Suzuki ta Japan. CFMoto da ke Hangzhou, wanda ya shahara da babura masu ƙafa huɗu, yana da haɗin gwiwa da KTM ta Austiriya, kuma yana sayar da kayansa a Turai da Amurka inda dokokin inganci ke da tsauri.

A ƙasar dai kuma akwai ɗimbin ƙananan masana'antu da ke haɗa babur daidai da kuɗin da mai oda ya ajiye. Idan ɗan kasuwa ya nemi a rage masa farashi, za a rage, amma daga kaurin ƙarfe da ingancin waya da boris za a cire bambancin. Sai a liƙa masa duk sunan da ya zaɓa. Shi ya sa ake samun sunaye barkatai a kasuwa, wasu su bayyana bana su ɓace baɗi. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Ke nan rabin amsar ingancin babur tana hannun wanda ya yi odarsa daga nan gida. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ta ina suke fara gazawa?

Inji ba shi ne ya fi ba da matsala ba. Yawancin ƙananan injinan China sun samo asali ne daga tsarin Honda CG125, wanda aka fito da shi a 1975 musamman don ƙasashen da ake wahalar da babur ba tare da kulawa ba. Tsari ne mai sauƙi, kuma kusan duk bakaniken bakin titi a Kano ya san cikinsa. Rauni ya fi fitowa daga abin da ke kewaye da injin: walda da ke tsagewa, sifirin da ke karyewa, aksul ɗin baya, kulochi, birki, wayoyin lantarki, da kusoshin da girgiza ke kwancewa.

Yanayin Kano kuma ba ya yi wa inji sassauci. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, in ta samu shiga ciki kuma ta cinye fistin da zobensa. Zafin Afrilu da Mayu, da kan kai digiri 40, na gasa injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, musamman in yana jan kaya a hankali cikin cunkoso. Ga jabun baƙin mai. Ga lodin da ya wuce ƙa'ida, domin direban da zai kai balas da yamma ba ya iya mayar da kaya. Akorin da aka ƙera don wani nauyi sai a ɗora masa ninkinsa, a kai wa mai walda ya ƙara masa ƙarfe, a manta cewa birkin bai ƙaru ba.

Sai hanya. Reshen Sharaɗa da Challawa na ƙungiyar masu masana'antu ta Najeriya ya shafe shekaru yana kokawa kan lalacewar hanyoyi da magudanan ruwa a waɗannan unguwanni. Kowane rami haraji ne da ba a rubuta ba, kuma mai babur ne ke biyansa a wurin bakanike. Babur mai inganci yana jure wannan na wani lokaci. Mai rauni kuwa, damina ɗaya kan isa ta tona asirinsa.

Darasin Jincheng da Boxer

Kano ta taɓa ganin irin wannan gasa. A farkon shekarun 2000 baburan China, musamman Jincheng, sun mamaye tituna, suka ture tsofaffin baburan Japan na hannu saboda sababbi ne kuma ga sauƙin kuɗi. Daga baya kamfanonin Indiya, Bajaj da TVS, suka ƙwace kaso mai yawa na kasuwar masu haya duk da cewa farashinsu ya ɗara. Boxer ta samu karɓuwa wurin masu aikin wahala saboda ƙarancin shan mai, da juriya, da samuwar kayan gyara a ko'ina. Har yau mafi yawan Adaidaita Sahu da ke ɗaukar fasinja a Kano ƙirar Indiya ce.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, mai sana'a ba farashin ranar saye kaɗai yake dubawa ba. Yana lissafin kwanakin da abin hawa zai yi a kan titi da waɗanda zai yi a gareji. Kurkurar da ta kwana goma tana jiran wani ɗan ƙarfe da babu shi a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ta cinye wa mai ita cinikin kwana goma, alhali bashi bai tsaya ba, cefanen gida ma bai tsaya ba. Akwai kuma ranar sayarwa. Babur mai sanannen suna yana da masu saye ko ya tsufa, wanda ba a san asalinsa ba kuwa sau da yawa sai 'yan gwangwan.

Batun mai ƙafa huɗu

Babur mai ƙafa huɗu da manyan tayoyi, wanda aka ƙera don yashi da taɓo da gona, bai zama abin sana'a a Kano ba. An fi ganinsa wurin kilisa da bukukuwa, sai jefi-jefi a manyan gonaki. Amma tallansa na ƙaruwa a Facebook da TikTok, ana nuna shi a matsayin maganin munanan hanyoyin karkara.

A nan haɗarin ya fi na kurkura. Kayan gyaransa ba su wadata ba, masu gyaransa kaɗan ne, kuma ba a ƙera shi don kwalta ba. Yana da saurin kifewa a kwana ko a gangare, nauyinsa kuma ya danne mahayi. A Amurka, yawan mace-mace ya sa aka dakatar da sayar da irinsa mai ƙafa uku a 1988, sannan a 2008 aka mayar da ƙa'idojin ingancinsa wajibi a kan duk mai shigo da shi. Ostareliya ta wajabta sanya ƙarfen kare mahayi a jikin sababbin na aikin gona daga Oktoban 2021. Wanda ya saya wa ƙaramin yaro irin wannan babur mara suna, ba hular kwano, ba horo, ya sayo abin da ya fi asarar kuɗi muni.

Doka na nan, wa ke aiki da ita?

A rubuce, mai saye ba maraya ba ne. Tun 2005 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ke gudanar da tsarin tantance kaya tun kafin a loda su zuwa Najeriya. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka gaza inganci cikin wata uku, a gyara masa, ko a canja, ko a dawo masa da kuɗinsa. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye.

A kasuwa kuwa, al'adar “in ka fita da kaya sun zama naka” ce ke mulki. Ciniki da yawa ba rasit, balle takardar garanti. Wanda ya karɓi babur a kan biya kaɗan-kaɗan ya fi kowa shiga tsaka mai wuya: yana biyan fiye da farashin kasuwa, gyara na wuyansa, in ya gaza biya kuma a karɓe babur ɗin tare da abin da ya riga ya zuba. Haka asarar kayan banza ke gangarowa daga mai masana'anta zuwa mai shigowa, daga dila zuwa direba, ta tsaya a kan wanda ya fi kowa rauni.

Wannan ya shafi gwamnatoci kai tsaye. Rabon babura da masu ƙafa uku ya zama ruwan dare a shirye-shiryen tallafa wa matasa da ayyukan mazaɓu. Da wuya a bayyana wa jama'a wane kamfani ya kawo su, nawa aka saye su, ko akwai garanti da tanadin kayan gyara. Kuɗin jama'a ne, don haka masu zaɓe na da haƙƙin tambayar nawa daga cikin abin da aka raba bara ke kan titi bana.

Kano da Nnewi

Akwai tambayar da ta fi ta saye girma. Innocent Chukwuma ya fara ne da sayar da kayan gyaran babur a Nnewi ta Jihar Anambra. Ya koma shigo da babura a wargaje yana haɗawa, ya fara yin sassan roba a gida, har ya kai ga kafa masana'antar motoci ta Innoson da aka buɗe a 2010. Kayan China masu araha su ne suka zama masa makaranta.

Kano ba baƙuwar wannan fage ba ce. A nan aka kafa kamfanin haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat a shekarun 1970, a Bompai kuma aka yi kekunan Raleigh. Sharaɗa na cike da kamfanonin roba, Challawa na da masu sarrafa fata, ga maƙera da masu walda a kowace unguwa. Tashar tsandauri ta Dala da aka ƙaddamar a Zawachiki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, a Janairun 2023, an gina ta ne don kwantena ta iso Kano kai tsaye. Akori da kujera da madubi da murfin roba ba su fi ƙarfin waɗannan masana'antu ba. Abin da ke tsaye a gaba shi ne tsadar lantarki, wadda ta ninka fiye da sau uku ga masu rukunin A a Afrilun 2024, da rashin tsayayyar manufa. Wadda ta ga yadda atamfar waje ta rufe masaƙunta bai kamata ta sake zama kasuwar saye kawai ba.

A saya ko a haƙura?

Amsar ta dogara da abu huɗu da mai saye zai iya tantancewa kafin ya ƙirga kuɗi. Na farko, ya fara da kasuwar kayan gyara kafin shagon dila: in ba a samun fistin da kulochi da aksul na wannan samfuri a Kano, arahar tarko ce. Na biyu, ya tambayi bakanike da direbobin da suka yi shekara biyu suna aiki da irinsa. Na uku, ya nemi rasit da garanti a rubuce, ɗauke da lambar inji da ta bodi. Na huɗu, ya auna aikin da zai yi: mai jan kaya masu nauyi yini guda ya fi buƙatar inji mai lagireto da birki mai ƙarfi.

Babur ɗin China mai sanannen suna, mai wakili da kayan gyara a gari, yana iya mayar da kuɗinsa har ya ciyar da gida, muddin an kiyaye lodi da juyen baƙin mai. Wanda ba a san mai shi ba kuwa caca ce, kuma Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado. Sauran aikin na hukuma ne: SON ta tsare ƙofar shigowa, hukumomin kare masu saye su sa garanti ya zama abin da ake iya karɓa a zahiri, gwamnatin jiha kuma ta gyara hanyoyin Sharaɗa da Challawa da Bompai da ke kashe abin hawa kafin mai shi ya gama biyan bashinsa.