A Kawo Awon Guba Kusa Da Jama'a

A watan Agusta na 2024 mutum 7 'yan gida ɗaya suka riga mu gidan gaskiya a ƙauyen Runjin Barmo da ke Ƙaramar Hukumar Shagari, bayan sun ci wani abincin rogo wanda aka yi zargin shi ne sanadi. Jama'ar Jihar Sakkwato sun yi juyayi ƙwarai. Amma zargi daban, tabbaci daban, kuma ba a samun tabbaci sai an kai abin da aka ci gaban masana kimiyya sun auna.

Manoma sun daɗe da sanin cewa akwai rogo mai ɗaci wanda ba a ci sai an fere, an jiƙa kwana da kwanaki, an shanya. Dalili shi ne rogo yana ɗauke da wani sinadari wanda, da zarar an kankare ko an tauna, sai ya saki gubar da ake kira sayanaid, kuma fari yana ƙara mata yawa. Ita ce dai ke cikin gyauron dawa da makiyaya ke hana shanu kusanta. Ƙa'idar duniya ta abinci ta ce kada ta wuce miligiram 10 a cikin kilo ɗaya na garin rogo.

Abin lura shi ne wannan guba ba ta jira. Tana zama tururi a zafin da bai wuce digiri 26 ba, alhali a Sakkwato zafin bazara kan haura 40. Watau ragowar tuwo, ko ruwan jiƙon rogo, ko ruwan rijiyar da ake tuhuma, idan aka bar su a buɗe, ko aka ɗauki hanyar Kaduna da su ba a cikin ƙanƙara ba, kafin su isa ɗakin gwaji na hukumar NAFDAC shaidar ta ragu. Daga nan sai jita-jita ta cike gurbi, a ce sammu ne, a ɗora wa kishiya ko maƙwabci.

Alhali gwajin farko ba shi da wuya. Wani masani ɗan ƙasar Ostireliya, Howard Bradbury, ya shirya 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da ake rufewa cikin kwalba tare da garin. Idan aka kwana, takardar za ta rine zuwa ruwan ƙasa gwargwadon yawan gubar, sai a gwada da jadawalin launi. Duk malamin tsabta da aka koya wa zai iya.

Wasu gubobin kuwa sai da manyan na'urori masu rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. A 2019 mutane ɗaruruwa suka kwanta a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda bayan shan kunun agaji, wasu suka mutu. Awo ne ya gano cewa 'ya'yan zaƙami sun gauraya da waken suyan da aka yi garin da shi. Zaƙami kuwa ga shi nan a jujin garuruwan Hausa, haka tumfafiya da zurma.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da malaman kimiyyar sinadarai, da na haɗa magunguna, da likitocin dabbobi, ga kuma asibitin koyarwa. Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta ƙulla yarjejeniya da ita, a ware ɗaki guda mai kayan aiki da tsayayyar wutar lantarki domin awon abinci, ruwa da harawa. A ba kowace ƙaramar hukuma daga cikin 23 kwalabe masu murfi, akwatin ƙanƙara da takardun gwaji, a kuma umarci ma'aikata su ɗebi samfur tun ranar da abin ya faru, kafin a wanke tukwane. Lalle ne kuma a riƙa bayyana sakamako a rediyo da Hausa, domin ƙauyen da ke gaba ya san abin da zai guje wa.